Talotalo da Kaza Ba Sa Kwana Ɗaki Ɗaya

  Yau za mu bar shanu da tumaki su huta, mu sauko tsakar gida mu yi maganar talotalo.

Tun da ruwa ya zauna saƙonni ke zuwa mana, yawanci daga iyayenmu mata, kuma kusan bakinsu ɗaya. An ƙyanƙyashe 'ya'yan talotalo a gida, ko an sayo su a kasuwa. Sun yi wata guda lafiya lau, suna bin fara, suna cin dusa. Sai wata safiya a ga ɗaya ya saki fikafikai, ya lumshe ido, ya takure a jikin danga. Kashinsa ya koma ruwan ɗorawa, kamar an fasa gwaiduwar ƙwai. Kafin mako biyu akurki ya zama wayam. Kajin da suke cin abinci a kasko ɗaya da su kuwa, ko tari ba su yi ba. To daga nan sai zance ya rabu: wata ta ce bakin mutane ne, wata ta ce wanda ya sayar mata ne ya cuce ta, wani ya ce ai talotalo ba ya son ƙasar nan.

Ku gyara zama, domin amsar ba za ta yi wa masu son kaza daɗi ba. A mafi yawan irin wannan mutuwa, kazar nan da ke yawonta lafiya ita ce ta kawo cutar.

Ga yadda abin yake. Idan ka yanka kaza kana gyara hanji, can kusa da ƙarshe za ka ga wasu 'yan jakunkuna guda biyu dogaye, waɗanda ba su da mafita. A cikinsu wata 'yar tsutsa fara take zama, siririya kamar zare, tsawonta bai wuce faɗin farce ba. Likitocin dabbobi suna kiranta heterakis. Ita kanta tsutsar ba wata ɓarna take yi ba, kaza na iya ɗauke da ita har ta tsufa. Amma akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, sunanta histomonas, wadda ke shiga cikin ƙwan tsutsar ta ɓuya. Wannan ƙwayar raguwa ce. In ta fito fili ita kaɗai, 'yan sa'o'i sun isa ta mutu. In ta samu ɓawon ƙwan tsutsa kuwa, ta samu ɗaki mai ƙofa. Kaza ta yi kashi, ƙwan ya faɗi ƙasa, ya zauna. A ƙasa mai laima da inuwa yana iya kai shekara biyu zuwa uku da ransa. Tana ma takan haɗiye shi ta riƙe. Ɗan talotalo ya zo yana tsince-tsince, ya haɗiye ƙwan ko ya haɗiye tanar, shi ke nan. Bayan kwana 7 zuwa 12 sai alamu su bayyana. Ƙwayar ta cinye bangon jakunkunan nan biyu, ta bi jini ta sauka a hanta.

Kaza tana jure wannan, ta ɗan yi laushi ta miƙe. Zabo ma yakan ɗauka ya yi ta yawo da ita. Talotalo ne ba ya jurewa, musamman daga mako 3 zuwa mako 12 da ƙyanƙyasa. A garken da ta shiga sosai, ba abin mamaki ba ne a rasa takwas cikin goma, wani lokaci a rasa duka.

Turawa suna kiran cutar da sunan da ke nufin baƙin kai, kuma sunan ya ɓatar da mutane da yawa, domin sau tari kan ba ya yin baƙi ko kaɗan. Kada ka tsaya jiran kai ya sauya launi. Kashin za ka duba. In kuma ɗaya ya mutu, daure ka buɗe cikinsa kafin ka binne. Hantar mai wannan cuta tana da tabo zagaye-zagaye, masu ɗan rami a tsakiya, kamar an ɗora mata kwabbai masu zafi. Jakunkunan hanjin nan kuma za ka same su sun kumbura, cike da wani abu mai tauri kamar cuku. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya sake ruɗewa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, ka binne gawar da zurfi, kada ka jefa wa kare.

Bari in ɗan ratse kaɗan. Larabawan nan suna ce wa tsuntsun dik rumi, wato zakaran Rum. A ƙasar Sham kuma habash suke kiransa. Mu da ke zaune a bakin Habasha mun san ba daga nan ya fito ba, kuma ba ɗan Rum ba ne. Asalinsa Meziko, mutanen Sifen ne suka ɗauko shi suka kai Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu. Kaza kuwa asalinta Asiya. Kun ga ashe baƙin juna ne, mu muka haɗa su gida ɗaya. Kuma ba a kanmu aka fara wannan kuka ba. A 1893 aka fara rubuta labarin cutar a jihar Rod Ailan ta Amurka, inda ta durƙusar da kiwon talotalo a yankin. Wani likita, Theobald Smith, ya gano ƙwayar a 1895, amma sai a 1920 shi da abokin aikinsa Graybill suka nuna cewa ƙwan tsutsar nan ne jirginta. Shekara 25 ke nan masana na neman ta inda ɓarawon ke shigowa. Saboda haka uwar gidan da ta ce bakin mutane ne, kada a yi mata dariya.

Yanzu mu dawo ƙasarmu. Kun san baƙar ƙasar Gadarif. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta zama taɓo mai riƙe ruwa kwana da kwanaki. Daga Yuli zuwa Satumba tsakar gida ba ta bushewa, tana na fitowa, kashin kaji na narkewa ya bi ko'ina. A daidai wannan lokaci ne kuma 'ya'yan talotalo suka fi yawa, domin kowa na lissafin wata shida ko bakwai, su isa sayarwa a ƙarshen shekara lokacin da masu saye a birni ke nema. Wato muna sakin mafi rauninsu a kan mafi munin ƙasa, a mafi munin wata. Ranar Maris da Afrilu, wadda ke wuce digiri 40, tana ƙone ƙwan da ke fili. Wanda ke gindin randa, da ƙarƙashin rumfa, da inuwar darbejiya inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, shi wannan yana nan yana jiran damina.

Akwai wata al'ada tamu da nake so mu tsaya a kanta. Mun saba sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta, domin zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Da talotalo ya shigo, sai muka yi masa haka. Kaza ta kwanta kwana 28 maimakon 21 nata, ta ƙyanƙyashe, ta ja su tana tona musu ƙasa. Abin sha'awa ne a ido. Amma ku duba: a ina take tona musu? A inda ita da 'yan uwanta suka shekara suna kashi. Tun ranar farko uwar riƙon ce ke kai su bakin rami, ba da mugunta ba.

In talotalon mace za ta kwanta da kanta, a bar ta, a ware mata wuri. In dole sai kaza, to a ba kazar maganin tsutsa kafin a sa mata ƙwan, a sake ba ta kafin ƙyanƙyasa, a yi mata sheƙa da sabuwar ciyawa a wurin da kaji ba sa kwana. Ranar da suka fito, ita da su a mayar da su sabon wuri, kada a sake su tsakar gida.

Sabon wuri kuwa, a nan makiyaya ne malamanmu. Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da ke sa a tashi daga mashekari ko da ciyawa ba ta ƙare ba: wuri ya yi kashi, ya yi ƙuda, 'yan maruƙa sun fara zawo. Ana matsawa gaba, a bar ƙazantar a baya. Hikimar ɗaya ce. Ƙwan tsutsar nan ba ya kama tsuntsu ranar da ya faɗi ƙasa, sai ya yi kamar mako biyu ya nuna tukuna. To in kana da akurki mara gindi, na kara ko na waya, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, ka riƙa matsar da shi duk mako zuwa wurin da kaza ba ta kiwo, ka riga ƙwan tashi ke nan. Wanda ba shi da fili, ya ɗebo yashi daga rafi ya zuba mai kauri, ya ɗaga wurin ya fi sauran tsakar gida tudu don kada ruwa ya gangaro ciki, ya riƙa kwashe na sama yana sauyawa. Wanda ya fi haka hali, ya yi musu gado na sanduna ko waya, kashi ya riƙa zuba ƙasa, ƙafarsu ba ta taɓa shi. Wata uku kawai ake nema. Da jan nan na wuya da kai ya fito sosai, sun fi ƙarfin abubuwa da yawa, ko da yake ko babba bai tsira gaba ɗaya ba.

Kasko daban, mazubin ruwa daban, kuma a ɗora su a kan dutse ko bulo. Takalmin da ka shiga wurin kaji da shi, kada ka shiga wurinsu da shi, domin baƙar ƙasar nan kun san yadda take bin ƙafa. Yara su ne suka fi karya wannan doka, sai an yi ta faɗa. Sannan da ka ga ɗaya ya saki fiffike, fitar da shi nan take. Tsakanin talotalo da talotalo cutar ba ta ma buƙatar tsutsa, zama a kan ɗanyen kashin mara lafiya ya isa.

Na san tambayar da ke bakinku: to maganin fa? Gaskiya ɗaya ce, in cutar ta kai hanta, babu wani abin kirki da za ka saya a kanti ka juye a ruwa ta warke. Magungunan da aka yi amfani da su a da, Turai ta gama hana su a 2003, Amurka ta janye na ƙarshe a ƙarshen 2015, saboda abin da suke bari a nama. Allurar rigakafi kuma babu ita a kasuwa. Manyan gonaki masu dubban tsuntsaye a can, su ma da tsabta da raba wuri suke kare kansu. Wasu a nan suna daka Flagyl na mutane su zuba a ruwa. Dangin waɗancan da aka hana ne, kuma naman nan wani zai ci, wataƙila ɗanka. Ban da haka, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kun san yadda maganin mutane ya yi wuya. A bar wa masu ciwon ciki abinsu.

Abin da magani ke iya yi shi ne kashe tsutsar, wato fasa jirgin. A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Hodar fiferazin da ta cika kasuwa tana fitar da manyan tsutsotsi, waɗanda kake gani a kashi kamar taliya, sai mutum ya ga sun fito ya ce magani ya yi. Ƙaramar nan ta cikin jaka ba ta cika jin sa ba. Fenbendazol da lebamizol su ne ke kai mata. Ka tambayi likitan dabbobi awon da ya dace da nauyin tsuntsu, kuma, ku ji wannan da kyau, kajin gidan za a fara ba wa, dukansu, da zabi, kafin ruwa ya sauka da kuma tsakiyar damina. Mutum ya ba talotalo magani ya bar kaji talatin suna zuba ƙwai a ƙasa, ya yi aikin baban giwa. 'Yan uwa makiyaya kuma, na san akwai ƙwayar tsutsa ta shanu a jakar kowa. An auna ta ne don dabba mai kilo ɗaruruwa. Gutsura ta da haƙori a tura wa ɗan tsuntsu mai rabin kilo caca ce.

Akwai wata tsutsar da ake saurin ganewa. Ɗan talotalo ya riƙa miƙa wuya yana buɗe baki kamar mai hamma, yana girgiza kai. Wannan ja ce, a maƙogwaro take zama, mace da namiji manne da juna kamar reshe mai baki biyu. Ita ma ta tana da dodon koɗi take shigowa, kuma maganin da na ambata yana kashe ta. Barkono da tafarnuwa da saiwoyin da ake jiƙawa, ba zan ce a zubar ba, amma ban ga wanda suka tsayar masa da kashi ruwan ɗorawa ba.

To wannan na cikin ciki ke nan. Saura masu zuwa da dare.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗakin kaji ba ƙadangare ne abin tsoro ba, kaskar kaji ce. Ba irin ta shanu ba ce mai manne wa fata ta kumbura. Wannan shimfiɗaɗɗiya ce, mai laushi, launin ƙasa, kamar kuɗin cizo. Da rana ba za ka gan ta a jikin tsuntsu ba. Tana cikin tsagar bango, da mahaɗar sanduna, da ƙarƙashin ɓawon itacen da suke hawa su kwana, ko aduwa ce ko ƙaya. Dare ya yi ta fito, ta sha jini ta koma. Shi ya sa mutum zai ɗaga tsuntsu ya duba ko'ina ya rantse ba komai, alhali tsuntsun na ramewa, jan kansa na kodewa. 'Ya'yanta ne kaɗai ke zama a jiki kamar mako guda: ɗaga fiffike, za ka ga wasu ƙananan ɗigo baƙi-baƙi manne a fata kamar ƙwayar riɗi. In sun yi yawa har shanye ƙafa suke sa wa.

Shan jinin ma da sauƙi. Tana ɗauke da wani zazzaɓi: tsuntsu ya yi zafi, ya yi ta shan ruwa, kashi kore, ƙafa ta mutu, in ka buɗe ka ga saifa ta kumbura. Wannan ciwo tsohon ɗan gari ne a Sudan. Andrew Balfour, likitan da ya shugabanci ɗakin binciken cututtuka na Kwalejin Gordon a Khartum daga 1902 zuwa 1913, ya yi rubuce-rubuce a kan wannan zazzaɓi na kajin Sudan da kaskar da ke yaɗa shi. Fiye da shekara ɗari ke nan, kaskar na nan a bangonmu. Uwar tana gadar wa ƙwanta cutar, kuma babbar tana iya shekara biyu ko fiye ba ta ci komai ba. Don haka wanda ya ce ai ɗakin ya shekara ba kowa, ya zuba sababbin tsuntsaye, ya kai wa mayunwata abinci ne. Shi wannan zazzaɓin, ba kamar na hanta ba, yana jin magani in an yi sauri, irin su tetrasaikilin, da awon likita. Ku lura da bambancin: kore da zazzaɓi, a nemi likita a kuma duba bango, ruwan ɗorawa, a duba ƙasa da kaji.

Yadda za ka tabbatar: bayan isha'i ka ɗauki tocila ka shiga, ka haska bango da sandar kwana. Ko ka goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar, in ya fito da jan ɗigo, to akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ja da shi ma dare yake fita, wanda a mako guda yake haihuwa ya yi jika. Aikin duka ɗaya ne. A fitar da tsuntsaye, a share, a ƙone shara. A yaɓe kowace tsaga, a shafe da farar ƙasa. A ɓare ɓawon sandar kwana, a nisanta ta da bango, a shafa baƙin mai a ƙarshenta biyu da mahaɗa. A sanda na ce, ba a jikin tsuntsu ba. Akurkin kara da ya tsufa ya cika da su, kada ka ɓata kuɗin feshi, cinna masa wuta ka saƙa sabo a wani wuri. Kara dai ba ya tsada a ƙasar dawa.

Ƙuma kuma kowa ya san ta, baƙaƙen nan da ke taruwa a gefen ido da kan fatar kai, su manne ba sa tsalle. Suna iya rufe wa ɗan tsako ido. A shafa basilin ko man girki a kansu a hankali, kada ya shiga ido, su shaƙe su mutu. Amma ƙwansu a ƙurar ƙasa yake, kuma kare da kyanwa da ɓera suna ɗauke da su, sai an haɗa da shara. Ƙwarƙwata ita ce mai sauƙi, domin duk rayuwarta a jikin tsuntsu take. Ka busa gashin gindin wutsiya za ka ga tana gudu, ƙwanta fari a dunƙule a gindin gashi. Hodar da aka yi don kaji, a sake bayan kwana 7 zuwa 10 saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. A kuma tanadar musu wurin birgima a ƙarƙashin rumfa, yashi da toka, wanda ruwa ba ya taɓawa. Da rani su suke nema wa kansu, da damina ne suke rasa busasshiyar ƙasa, ƙwari su samu dama.

Yanzu ga gargaɗin da ya sa na fi son wannan shiri ya kai kunnen kowa. Yankinmu yankin noma ne, maganin ƙwarin riɗi da na dawa yana kowane gida, na wankan shanu yana kowane mashekari. Kada a tsoma tsuntsu a cikinsu. Diyazinon, alal misali, wanda ake wanke dabbobi da shi, guba ne mai ƙarfi ga tsuntsaye, ɗan kaɗan ya isa. Kananzir yana ƙone fata. Ƙwayar nan da ake sa wa a buhun hatsi mai fitar da iska, kada a kuskura a kai ta ɗakin kaji, ballantana wanda ke jikin ɗakin kwana. Ta kashe mutane, ba tsuntsu kaɗai ba. Kuma duk maganin da aka ba tsuntsu, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka ko cin ƙwai. Wanda ya ba da magani jiya ya kai kasuwa yau, ya san abin da ya sayar wa ɗan uwansa.

'Yan kasuwa masu shigo da abincin kaji, ku ma ga naku. Wasu buhunan na kajin gidan gona an gauraya su da maganin zawon jini mai suna salinomaisin. Awon da kaza ke ci lafiya yana shanye talotalo, musamman babba, har ya kashe. In mai talotalo ya zo saye, a duba takardar buhun tare. Haka tunkuzar gyaɗa da ta yi funfuna a damina: a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda irinta, daga nan ne ma aka gano gubar da ke cikin funfunar. Ita ma hanta take ci, sai a ɗora wa tsutsa laifin da ba nata ba.

Sai ku masu fatauci tsakanin Gadarif da Doka da Galabat da ƙauyuka. Kejin nan da kwandon da kuke ɗaure wa a bayan babur ko saman lori, yau kaji, gobe zabi, jibi talotalo, shi ne motar hayar kaska. A mahaɗar sandunansa take kwana, ta sauka a gidan wanda ya saya. Ranar da ba kasuwa, a kankare kashin, a zuba masa tafasasshen ruwa, a shanya a rana tsaka. Kada a haɗa 'ya'yan talotalo da kaji a keji ɗaya ko da tafiyar awa biyu ce, kuma in an jera keji a kan keji, talotalo a sama. Na ƙasa shi ke shan kashin na sama.

Mai saye kuma, araha ba ta ado. In ka ga an karyar da farashin 'ya'yan talotalo a tsakiyar Agusta, tambayi kanka me mai su ya gani a gida. Ka ɗaga tsuntsun. Shafa ƙirji: in ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, ajiye. Ɗaga fiffike ka nemi ɗigon nan, busa gashin gindi, duba ko kashi ya manne a wurin da kuma launinsa. Duba ƙafa, in ɓawonta ya tashi ya yi kaushi, akwai ƙwaro a ƙarƙashi, ko da yake wannan man shafawa na maganinsa. Ka tambaya ko kaza ce ta rene su. Duk da haka, tsuntsun da ya haɗiye ƙwan jiya zai yi maka kyau a kasuwa yau, ba mai iya ganewa, har shi mai sayarwar. Saboda haka in ka kai gida, ware shi mako uku, nesa da naka, da kaskonsa. Wannan ya shafi abin da ya fito daga ƙetare da wanda ya fito daga gidan maƙwabci, duk ɗaya ne.

Wanda ya riga ya yi asara a bana yana tambaya ko ya sake sayowa ya zuba a wurin: a'a. Wannan wurin a bar shi. A cire rumfar da ke kansa rana ta dake shi rani guda cur, a nome shi a shuka kuɓewa ko wani abu, talotalo kuma a koma da su ɗaya gefen gidan, inda ruwan tsakar gida ba ya gangarawa. In kana kusa da ofishin likitan dabbobi, ka kai musu gawa ɗaya tun ba ta kwana ba, a cikin leda, su buɗe a gabanka. Wanda ke nesa, ya ɗauki hoton hantar da waya ya tura musu.

Lokaci ya ƙure mana. Masu tambaya a kan ƙurajen da ke fito wa talotalo a kai da gefen baki in sauro ya yi yawa, mun ga saƙonninku, wannan ciwo ne daban kuma yana da allura, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.